Wuƙar Baba Ba Ta Son Ruwa

Mutane na ganin jar mota da jiniya sai su ɗauka aikin kashe gobara aikin wuta ne zalla. Ina! Rabinsa ruwa ne. Ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa, ruwa a cikin takalmi, ga kuma gumi a ƙarƙashin rigar nan mai nauyin tsiya. Mai-Tiyo ya san haka sarai, don shi ke riƙe bakin tiyo a gaba, shi ya sa ma abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan. Amma ranar da surukinsa ya miƙo masa wuƙa, duk sanin nan ya gudu daga kansa.

Surukin nan, wanda kowa ke kira Baba, tsohon mahauci ne, mutum mai tsadar murmushi. Tun da Mai-Tiyo ya auri 'yarsa Auta, gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Baba bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce shi bai gane kan mutumin da kowa ke gudun wuta shi kuma yana gudu zuwa cikinta ba. To da ciwon gwiwa ya sa shi ajiye sana'a, sai ya aika aka kira Mai-Tiyo. Ya tsallake 'ya'yansa maza kaf, ya ɗauko wuƙar da ya ci da gidansa da ita, ya ɗora masa a tafin hannu. Baƙin ƙarfe ce, ƙotarta ta katako ta yi sulɓi saboda shan hannu, kubenta na fata.

"Riƙe wannan," in ji Baba. "Tunda ka ce sai ka shiga wuta, kada ka shiga hannu rabbana."

Mai-Tiyo ya koma gida bakinsa har kunne. Auta na ganin wuƙar ta dafe ƙirji.

"Baba ne ya ba ka? Wannan? Ai ko yayyena ba ya bari su taɓa ta. Lalle ka shiga, sai ka riƙe da kyau."

Daɗi ya kashe shi. Ya daɗe yana neman tsohon nan ya dube shi da idon ɗa, ga shi yau ya samu. Washegari ya rataya wuƙar a ƙugu ya tafi aiki yana tafiyar ƙasaita.

Matsalar ita ce wuƙar Baba ba ta son ruwa. A hannun mahauci, da an gama yanka ake goge ta, a shafa mata kitse, a kwantar da ita a busasshen wuri. A ƙugun Mai-Tiyo kuwa wanka take sha safe da yamma. Kuben fatar ya sha ruwa ya ƙi bushewa, ya riƙe damshi ya rungume ƙarfen da shi. Kafin ka ce me, tsatsa ta fito jajawur. Mai-Tiyo ya shiga dirza da soson ƙarfe, ya shafa man keke, ya mayar. Fita ɗaya za a yi a dawo, tsatsar ta sake yi masa sallama.

Asirin ya tonu ranar da wuta ta kama wani shagon kafinta. An ci ƙarfin wutar, saura bayan shagon, inda aka ɗaure wata akuya a jikin turke da igiyar roba, tana ta tsalle tana ihu, zafi na matso ta. Mai-Tiyo ya miƙa tiyo ga na bayansa, ya ce a bar masa wannan. Ya kai hannu ƙugu ya ja wuƙa. Ta ƙi fita. Kube ya kumbura ya cije ta gam. Ya ja, ya murɗa, ƙotar na sulɓewa a cikin jiƙaƙƙiyar safar hannu. Daga ƙarshe ya cire safar da haƙori, a gaban wuta fa, ya fizgo wuƙar da hannu tsirara, ya shiga gurzar igiya. Baƙin ƙarfe mai santsin baki a kan jiƙaƙƙiyar igiyar roba, sai zamewa yake yi.

Sai ga Kwamanda, shugabar tasharsu. Gajeriyar mace ce, amma in ta ɗaga murya har jiniya sai ta saurara. Ta zaro tata wuƙar daga ƙirjin riga da hannu ɗaya, wuƙa ta buɗe, ta ja sau ɗaya, akuya ta ranta a na kare.

A hanyar komawa Direba, wanda ba a raba shi da tsiya, ya ce, "Ku daina ganin laifin akuyar nan. Ta gane wuƙar mahauci ce, shi ya sa ta ƙara ihu da ya matso."

Motar ta kaure da dariya, amma ban da Kwamanda. Da suka sauka ta kira shi gefe.

"Ka cire safa a gaban wuta saboda wuƙa. Yau akuya ce. Gobe mutum ne a cikin mota, bel ya riƙe shi. Wannan wuƙar ba ta ƙara hawa motata."

"Ranki ya daɗe, ta surukina ce."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Surukin naka ne zai shiga hayaƙin? Je ka nemo ta aiki. Kuma ka san yadda muke zaɓe."

Ya sani kuwa. A tasharsu ba a zaɓen wuƙa da ido, ba a zaɓenta da busasshen hannu. Da safar aiki ake zaɓe, a jiƙe, ido a rufe, don a cikin hayaƙi haka za ka neme ta.

Ranar hutunsu Direba ya raka shi kantin kayan ƙarfe. Mai kanti ya tarbe su da fara'a, ya baje musu wuƙaƙe a kan tebur, kowacce na ƙyalli. Fara'ar ta fara raguwa da ya ga Mai-Tiyo ya zura manyan safar hannu, Direba kuma ya zaro gorar ruwan sabulu daga aljihu ya tsiyaya masa a kai.

"Lafiya, bayin Allah?"

"Lafiya lau," in ji Direba. "Kai dai ja da baya kaɗan."

Ta farko kyakkyawa ce, har da zanen barewa a jikinta, amma sai an sa farce ake buɗe ta. Ina farce a cikin safar da ta kai kaurin tafin takalmi? Aka ture ta. Ta biyu ƙotarta ƙarfe ce mai santsi. Mai-Tiyo ya rufe ido ya damƙe ta, sai ta sulɓe ta yi tsalle ta cake a ƙasa, dab da ɗan yatsan mai kanti. Mutumin ya yi salati ya koma bayan kabad, daga can ya ci gaba da ciniki. Ta uku tana da tsini kamar allura.

"Wannan in ka zura ta tsakanin bel da ƙirjin mutum, ka gama masa aiki," in ji Direba. "Ba ceto ka je yi ba ke nan."

Duk wadda aka ɗaga, mai kanti sai ya leƙo ya rantse ba ta tsatsa. Har wata mai jan tabo a gindi ya ce ado ne. Daga ƙarshe, da ya ga ba za su tafi ba, ya jawo wani kwali daga ƙasan tebur yana cewa wannan ba mai ko kallonta. Gaskiyarsa, mummuna ce. Ƙotar roba ce mai kaushi, ruwan lemo, irin launin da ake hangowa daga nesa. Bakinta a dakushe ba tsini, rabin kaifin haƙora ne kamar zarto. Farin ƙarfe ce har ƙusoshinta, da wani ƙaton rami a jikin ƙarfen inda babban yatsa zai tura ta buɗe. Gidanta na roba ne mai huda a ƙasa don ruwa ya zube.

Mai-Tiyo ya rufe ido, ya lalubo ta, ya tura yatsa. Ƙas! Ta buɗe ta tsaya. Ya yarfa hannu, ba ta motsa ba. Direba ya miƙo guntun tsohon tiyo da ya zo da shi, ta ratsa shi ba gardama. Suka haɗa da ƙaramar tocila wadda ruwa ba ya shiga, da igiyar ɗaure wuƙar a riga don kada ta faɗi cikin laka. Mai kanti ya raka su har ƙofa yana addu'ar kada su dawo da gorar nan.

A tasha Kwamanda ta karɓi wuƙar, ta jefa cikin bokitin da ke ƙarƙashin famfon da ke ɗiga, ta watsa gishiri, ta ce a bar ta sai sun zagayo aiki. Da aka tsamo ta, fes take, ko ɗigon ja babu. Kwamanda ta gyaɗa kai, shi ke nan yabonta.

An gama da aiki, saura Baba. Nan fa ake yin ta.

Mai-Tiyo ya goge wuƙar tsohon, ya shanya kuben har ya bushe, ya naɗe ta a tsumma mai mai, ya ajiye a kabad ɗinsa na tasha. Duk ƙarshen mako in za su gaida Baba, sai ya biya ya ɗauko ta ya rataya. Suna zama Baba zai miƙo hannu. Ya zare ta, ya ɗaga ta ga haske, ya gwada kaifin a farcen babban yatsa.

"Tana nan dai?"

"Tana nan lafiya, Baba."

Ba ƙarya ya yi ba, ai lafiyarta ƙalau. Amma duk sanda ya faɗa sai ya kawar da ido. Abin da ya fi damunsa shi ne tsohon ya fara sakewa da shi. Ya sa an kawo masa kujera kusa da tasa. Ya fara ba shi labarin shanun da suka taɓa kai shi ƙasa, har wata rana ya yi dariya, haƙora a waje, Auta ta leƙo daga ɗaki don ta tabbatar ubanta ne. Mai-Tiyo yana son zaman nan har ransa, kuma ya sa a ransa cewa wuƙar ce ke riƙe da shi. Ranar da Baba ya ji an jingine ta, kujerar za ta koma inda ta fito.

"Ka faɗa masa mana," in ji Auta a hanya. "Kai da kake shiga gidan da ke ci da wuta, tsoho mai sanda ne zai gagare ka?"

"Wuta ai na san ta inda ake ɓullo mata. Babanki fa?"

"To ka yi ta fama. Ni dai ba ruwana, ranar da ya gane ba na gida."

Ranar kuwa ta zo da hantsi. Suna wankin tiyo a tsakar tasha, Direba ya ɗago kai ya yi fito.

"Mai-Tiyo, wancan mai sandar a bakin ƙofa ba naka ba ne?"

Mai-Tiyo ya waiwaya. Baba ne, ya fito daga ganin likitan gwiwa, ya ce bari ya biyo ya ga inda wuƙarsa ke aiki. Kafin tsohon ya ƙaraso, Mai-Tiyo ya faɗa ɗakin kaya. Ya ciro sabuwar wuƙar mai ruwan lemo daga jikin rigar wuta, ya cusa ta a saman kabad bayan gwangwanin man takalmi, ya warware ta Baba ya rataya a ƙugu. Ya fito yana haki yana murmushi.

"Sannu da zuwa, Baba! Da ka aiko ai da na zo na ɗauko ka."

"Ƙafata ba ta mutu ba tukuna. Nuna mini."

Ya zaga da shi. Ga motar, ga tsani, ga gatari, ga tiyo a shanye. Direba ya biyo su yana ta zuba, wai wuƙar Baba har suna ta yi a tashar nan, ba wanda bai san ta ba, musamman awaki. Mai-Tiyo ya taka masa ƙafa. Baba ya ƙwanƙwasa hular kwano da sandarsa, ya ɗaga rigar wuta ya ji nauyinta, ya murza ta ya dubi tafinsa.

"Kullum a jiƙe take haka?"

"Kusan kullum, Baba."

Suna tsaye a gaban kabad ɗin ƙararrawa ta ɗauka. Aka yi shela ta lasifika: mota ta faɗa ƙaton lambatu, ruwa ya cika shi, mutum na ciki bel ya riƙe shi.

Tasha ta hargitse. Mai-Tiyo ya faɗa cikin takalmi da wando, ya zura riga, ya kifa hula. Kwamanda ta riga ta shige gaban mota, ba za ta ga abin da ke ƙugunsa ba. Direba ya tada inji. Wuƙar Baba na rataye, a bushe, a goge, da kaifinta, kuma ga Baba tsaye yana kallonsa da wani irin alfahari da Mai-Tiyo bai taɓa gani a fuskarsa ba. Da zai juya ya ruga haka nan, da tsohon ya koma gida da farin ciki.

Amma mutum na cikin ruwa. Mai-Tiyo ya ji kamar ya yi kuka. Ya kwance kuben daga ƙugu, ya rasa inda zai ajiye, sai ya danƙa wa Baba a hannu. Ya miƙa hannu bayan gwangwanin, ya zaro mummunar nan mai ruwan lemo, ya maƙala a ƙirji.

"Baba, ka yafe mini."

Ya ruga ya kama motar tana fita. Bai waiwaya ba, don ba shi da ƙarfin halin ganin fuskar.

Aikin bai ɗau lokaci ba. Motar da ta faɗa ta kwanta a gefe, ruwa baƙi ƙirin ya kai wa mutumin har wuya, maɓallin bel ɗin ya cije a ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Aka ɗaura wa Mai-Tiyo igiya ya sauka. Hannu ɗaya ya tallafe haɓar mutumin, ɗayan ya lalubo wuƙa a ƙarƙashin ruwa, ya tura yatsa, ya zura dakusasshen bakin tsakanin bel da ƙirji, ya ja. Aka fito da bawan Allah yana tari yana tofar da laka. Da numfashinsa ya dawo, abin da ya fara tambaya shi ne takalminsa na hagu.

A hanyar dawowa kowa na raha, ana kwaikwayon mai neman takalmi. Mai-Tiyo kaɗai ya yi tagumi. Ya mayar wa mutum kyautarsa a hannu, a gaban jama'a, ya ɗauki ta kanti. Yana ta jera kalmomin da zai je ya durƙusa da su, babu wadda ta yi masa.

Suna shiga tasha ya hango shi. Baba bai tafi ba. Yana zaune a bencin bakin ɗakin kaya, sanda a jingine, wuƙarsa a kan cinya. Direba ya kashe inji ya ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗan'uwa. In ka rasa wurin kwana, akwai tabarma a gidana."

Mai-Tiyo ya sauko sharkaf, laka har gira, yana warin lambatu. Ya je ya rusuna.

"Mutumin fa?" in ji Baba.

"Ya fita da ransa, Baba."

"Kawo ta in gani."

Ya ciro ta ya miƙa. Baba ya juya ta, ya taɓe baki.

"Wannan wuƙa ce ko abin wasan yara? Ba tsini. Baki duk haƙora, ta ina ake wasa ta? Wannan launin kuma wa ya zaɓa?"

"Don a gan ta in ta faɗi ne, Baba."

"Miƙo safar."

Baba ya zura hannunsa cikin jiƙaƙƙiyar safar, ya yi ta laluben ramin har ya samu. Ƙas! Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya duba gindin ƙarfen inda laka ta maƙale, ya goge da yatsa, ya ga fari tas. Sannan ya ɗauki tasa da safar a hannu, ya gwada zare ta daga kube. Ƙotar ta zame. Ya sake gwadawa, ta sake zamewa.

"Tun yaushe ka jingine ta?"

"An ɗan jima, Baba. Tsatsa take yi, ruwan ya yi mata yawa. Na so in faɗa maka, na kasa. Tsoro nake kada ka ga kamar na raina kyautarka."

"Shi ne kake rataya mini ita duk mako kamar mai zuwa ɗaukar hoto."

Mai-Tiyo ya sunkuyar da kai. Daga bayan mota aka ji Direba ya shaƙe da dariya, Kwamanda ta yi masa tsawa.

Baba ya cire safar ya ajiye. Ya miƙa masa mai ruwan lemo, sannan ya nuna shi da yatsa.

"Saurara da kyau. Na ga hannunka ya tsaya a ƙugu ɗazu, na ga kana shawara. Da ka tafi da tawa don ka faranta mini, mutum na nutsewa, wallahi yau ɗin nan zan je in ɗauke 'yata. Wanda zai yi wa tsoho kara da ran wani, wata rana da nasa ran zai yi."

Mai-Tiyo ya ɗago. Idonsa ya cika, bai ma damu da wa ke kallo ba. Nauyin da ya daɗe yana ɗauke da shi ya sauka gaba ɗaya.

"Wannan kuma," Baba ya tura masa tsohuwar, "kai ta gida ta yanka nama, abin da ta iya ke nan. Ka tsaya mini a kai kamar mai bin bashin gaisuwa, zauna mana. Bel ɗin nan, ja ɗaya ka yi masa ko sai da ka gurza?"

Ya matsa masa a bencin. Mai-Tiyo ya zauna a ɗarare, ruwan lambatu na tsiyaya daga rigarsa yana bin katako har ya kai ga farar rigar Baba ya jiƙa ta. Tsohon ya dubi wurin, ya dubi surukinsa, bai matsa ba.

"Ina jin ka," ya ce. "Fara daga inda kuka iske motar."